Ruwan sha a bakin kogin Rhine

'Yan uwa, kun dame ni in ba ku labarin Kolon, birnin nan na ƙasar Jamus da ke bakin kogin Rhine. To da ruwa zan fara, don shi ne har yau ya tsaya mini a rai.

Ranar na hau hasumiyar babbar majami'arsu da ke jikin tashar jirgin ƙasa. Matakala 533 ce a murɗe, ga matsi, ga masu saukowa kuna gogar kafaɗa. An aza harsashin ginin a 1248, ba a kammala ba sai 1880, don haka ku rage ƙorafin kwangilar titin unguwarmu. Na sauko maƙogwaro ya bushe ƙamas, na faɗa wani gidan abinci a bakin kogi na ce a taimaka mini da ruwa. Sai ga 'yar kwalba, rabin fiya wata. Ina kurɓa ashe mai gas ne, ya harbe ni a hanci, na ƙware. Na daure na shanye, na yi godiya na kama hanya. Ban kai ƙofa ba ma'aikaciyar ta biyo ni da takarda, mutane na kallo: Yuro 3 da 'yan kai. Wallahi kamar ƙasa ta tsage in shige. Ga kogi malale a gabana, jiragen dakon kaya na ta wucewa, amma an kama ni kamar wanda ya ci bashi ya gudu. Ban ɗakin tasha ma sai ka biya ƙofa ke buɗewa.

Nan na tuna randar ƙofar gidan Kaka, moɗa a kife a kai, ɗan dako da almajiri kowa ya sha ya wuce. Mu baƙo bai gama sallama ba an dire masa ruwa.

Sai dai daga baya na ga wani abu. Zan jefa gorar roba a shara abokin aikina ya riƙe hannuna. Ashe akwai ajiyar santi 25 a kan kowace. Ka kai kanti ka zura a na'ura, ta tofo maka takardar kuɗinka. Wanda ke sauri ya jingine ta a gindin kwandon shara, masu tsinta su ɗauka. Mu fa? A sha a wurgar, leda ta toshe kwalbati, damina ta zo ruwa ya shiga ɗaki, sai a hau zagin gwamnati. Har da ni a masu wurgarwar, ban manta ba.

Yanzu na waye, ruwan famfonsu ake sha, da gorata nake yawo. Ran Juma'a na je babban masallacin unguwar Ehrenfeld, wanda aka buɗe a 2018. Bayan alwala na tara gorar na cika ta taf, ina waige-waige ko wani zai biyo ni da takarda.