Tiyatar Gyaran Kan Hanci a Istanbul: Abin Yabo da Abin Dubawa

Asibitocin kuɗi da dama a Istanbul suna sayar da wannan aiki a dunƙule, har da otal da ɗauko mutum daga filin jirgi. Aikin kan ɗauki awa 1 zuwa 2. Likita yakan ɗan tsaga fatar da ke tsakanin kafofin hanci biyu, ya ɗaga ta, ya rage gefen sama na guringuntsi biyun da ke riƙe da kan hanci, sannan ya ɗinke su su matso kusa. Ƙwararre ba ya barin faɗin guringuntsin ya gaza milimita 6. In aka zarce, kan hancin ya tsuke kamar an matse shi da yatsu, numfashi kuma ya riƙa wahala.

Ga mai kaurin fata, kamar yawancinmu baƙaƙen fata, ragewa kaɗai ba ta wadatarwa. Sai an dasa ɗan guringuntsi daga bangon tsakiyar hanci ko daga kunne ya zama ginshiƙi. Kumburin hancin mai kaurin fata ma yakan kai shekara ɗaya, wani har shekara ɗaya da rabi, don haka hoton da aka ɗauka kan gadon tiyata ba shaida ba ne. A nemi hotunan masu irin fatarka bayan watanni 12.

Hannun likitocin Istanbul ya saba, wannan gaskiya ne. Raunin tsarin shi ne bibiya: ana cire zare da filasta bayan kusan mako guda, mutum ya koma gida. In kumburi ya taru a saman kan hanci ana buƙatar allura, likitanka yana wata ƙasa.