Wata Shida da Sabuwar Salansa

Wata shida ke nan da na cire salansar asali daga motata Ford Mustang GT, mai injin V8 lita 5.0, na ɗaura ta kasuwa. Ranar farko gurnaninta ya ratsa ni har ƙashi, na ce kuɗina sun yi rana.

Sai da muka hau babbar hanya. Allurar da ke nuna juyin inji na zama wajen juyi 2,000 a minti ɗaya, wani gunji ya cika motar kamar an kife maka tukunya a ka. Daga Houston har Dallas uwargida ba ta ce uffan ba. Da asuba kuwa, kafin injin ya ɗumama, kunyar maƙwabta nake ji. Gudu dai ban ga bambanci ba. Cire ta fa? Tukuna.