GARGAƊI: Naira 18,500 na biya aka kashe mani hob ɗin keke a Katsina

Naira 18,500. Tun jiya nake juya wannan lissafi a raina ya ƙi zama. Dubu goma sha takwas da ɗari biyar a kan boris ɗin da ke cikin hob, wato cibiyar wilin baya, kuma yau keken yana jingine a zaure, ko tura shi ba na son yi.

Keken na mahaifina ne, Allah ya jiƙan shi. Baƙin Raleigh mai taya 28, mai birkin sanda, da shi nake zuwa makarantar da nake koyarwa. Wilin baya ne ya fara lilo, in ka kama tayar ka girgiza ta gefe da gefe sai ka ji ƙwas-ƙwas. Na san boris ne. Kada wani ya zo yana ce mani ban san keke ba, tun ina firamare nake facin tayata da hannuna. Siririyar sifanar nan ta riƙe kon, wato notin da ke danne 'ya'yan boris a kan aksil, ita ce kawai ba ni da ita.

Mai gyaran da na kai wa keken yana shimfiɗa kayan shi a bakin hanya can wajen Ƙofar Guga. Ba zan faɗi sunan shi ba, ban ma tabbata sunan da ya ba ni na shi ne ba. Abin da ya ci ni, ina tsayawa, kafin in buɗe baki, ya sa babban yatsa ya shafa kan zalɓen nan na tambarin Raleigh da ke gaban keken ya ce, "Malam, wannan ai ɗan Ingila ne, na Nottingham. Irin wannan ba a sa mashi kayan banza." Shi ke nan. Wannan shafar ta gama da ni. Na ce ga wanda ya san darajar abu. Har yanzu yatsan nan nake gani, baƙi ƙirin da giris, yana goge ƙura a hankali kamar keken uban shi ne. Kuma tare muka yi La'asar, sahu ɗaya. To wa zai yi zargi?

Ya ce aksil ya lanƙwashe, kon duka biyun sun ci, sai an canza komai. Kaya 12,000, aiki 4,000. Na tura mashi 16,000. Ragowar 2,500 kuma washegari ce, a'a, ranar da na je ɗauka ce, Laraba, ya ce ya sa giris mai tsada na mota. Na zaro daga aljihu na ba shi. 18,500 ke nan. Hoton tiransifar yana wayata, da hoton abin da aka fito da shi, zan sa su in na huce.

Ranar da na karɓa na girgiza wilin, babu lilo ko kaɗan. Amma da na juya shi sai ya tsaya da wuri, ga wani ɗan gurnani. Na yi magana, wallahi na yi magana. Ya ce, "Sabon kaya ne Malam, sai ya sha hanya zai saki." Na yarda. Nan ne nake jin kunya.

Kwana 11 ƙarar ta dawo ta fi ta da, kamar ana niƙa tsakuwa. Jiya na kai wa wani dattijo a Ƙofar Marusa, ya kwance a gabana a kan buhu. Ya daɗe yana tona 'ya'yan boris da tsinke bai ce komai ba, sannan ya ce, "Yaro, wa ya yi maka wannan aikin?" Na ce Baba, bar ni kawai.

Hob ɗin baya 'ya'ya 9 yake ci kowane gefe, manya, masu kwatar inci. Gefe ɗaya 8 muka ƙirga. Ɗaya gefen an cakuɗa manyan da ƙanana irin na wilin gaba, uku har da tsatsa. Kon ɗin kuwa na da ne, nawa, da ramukan cin da suka yi, wanke su kawai aka yi da kananzir. Aksil ma nawa ne, Baba ya gangara shi a kan benci, miƙe yake sambal. Ashe babu abin da aka saya. Ɗaure kon mutumin ya yi tamau don lilon ya ɓace, alhali aikin shi ne a ɗaure daidai, wili ya juya sakayau babu girgiza, sannan a kulle da noti. Wannan matsi da 'ya'yan da ba girma ɗaya ba su suka farfashe kofin da ke cikin hob, shi kuma a jikin hob ɗin yake. Ramin sifok 40 gare shi, na kasuwa yanzu galibi 36 ne, don haka Baba ya ce in ba a dace da tsohon irin shi ba, sai hob da rim da sifok gaba ɗaya.

Na manta ban faɗa ba, tun ranar ɗauka na nemi tsofaffin kayan wajen mai gyaran farko, ya ce yaron shi ya haɗa da shara. Yaron da ban taɓa gani ba.

Da safen nan na koma Ƙofar Guga. Babu shi, babu akwatin shi. Mai shayin gefe ya ce ni ne na uku da ya zo neman shi a satin nan, wai ya yi Jibiya. Wayar a kashe.

Ku tsaya a kwance a gabanku, ku ƙirga 'ya'yan, ku karɓi tsohon kayanku a hannu kafin ku biya.

Maiɗakina ta tambaye ni nawa gyaran ya ci, na ce mata 5,000. Har yanzu ban gaya mata 18,500 ba ne.