Sharhi Kan nvme-cli: Faifan da Yake Barci Ya Ƙi Farkawa

Duk wanda ya sa Linux a kwamfutar cinya mai faifan NVMe (wani nau'in SSD mai sauri), sannan ta riƙa daskarewa haka kawai, ya nemi nvme-cli, manhajar binciken irin wannan faifai ta hanyar rubuta umarni, kafin ya ɗauke ta zuwa wurin mai gyara. Kyauta ce, tana cikin rumbun manhajojin Debian da Ubuntu da Fedora, kuma ita ta nuna mini inda cutar take a tawa kwamfutar.

Tawa ba ta tsayawa lokacin aiki mai nauyi. Sai an bar ta shiru, musamman a kan batir, in an dawo linzamin kwamfuta (mouse) yana motsi amma babu fayil ɗin da zai buɗu, tsarin fayil na ext4 ya koma karatu kawai. In an sake kunnawa a duba rahoton da Linux ke ajiyewa da umarnin journalctl, babu komai, domin faifan da za a rubuta rahoton a kansa shi ne ya ɓace. Dabarar da ta yi mini aiki ita ce barin dmesg -w, umarnin da ke nuna saƙonnin kanel (zuciyar Linux) kai tsaye, a buɗe, in jira abin ya faru, in ɗauki hoton allon da waya. A nan na ga "controller is down; will reset" tare da CSTS=0xffffffff. Wannan jerin f yana nufin kanel ya tambayi faifan ta layin PCIe da ya haɗa shi da allon kwamfutar, ba a amsa ba.

Tushen abin wata dabara ce ta adana wuta da ake kira APST, wadda ta shiga kanel ɗin Linux a sigar 4.11, shekarar 2017. Kanel yana ba faifai jadawali: in ka yi zaman banza na lokaci kaza, ka sauka matakin barci kaza da kanka. Wasu faifan, saboda manhajar cikinsu ko yadda suke hulɗa da allon kwamfutar, in sun kai mataki mafi zurfi ba sa dawowa, kamar mai gadin da aka ce ya ɗan kishingiɗa ya zarce har hantsi.

Nan nvme-cli ta nuna darajarta. Umarnin nvme id-ctrl /dev/nvme0 yana jero matakan wutar faifan a ƙarshe, kowanne da iyakar wutar da yake sha, da enlat da exlat, wato lokacin shiga barcin da na fita, a maikrosakan. Nawa yana da biyar, daga 0 zuwa 4, biyun ƙarshe su ne na barci. Sannan nvme get-feature -f 0x0c -H /dev/nvme0 ya nuna jadawalin da kanel ya ɗora masa a zahiri, ba wanda nake zato ba. Da na haɗa biyun sai hoton ya fito: faifan yana sauka mataki na 4, kuma daga can yake ɓacewa.

Maganin da ake yawo da shi ko'ina shi ne nvme_core.default_ps_max_latency_us=0, saitin da ke iyakance lokacin fita barci da kanel zai yarda da shi, har kanel ɗin kansa yana ba da shawarar a gwada shi tare da pcie_aspm=off. Yana aiki, ban musa ba. Sai dai sifili yana kashe APST ɗungurungum, faifai ya kwana a farke yana shan batir yana zafi. Ga wanda wuta take zuwar masa yadda ta ga dama, wannan asara ce. A ganina sifili na gwaji ne, don a tabbatar cewa nan matsalar take. In an tabbatar, a zaɓi lambar da ta fi exlat na mataki na 3 amma ba ta kai na 4 ba. Lambar asali 100000 ce, shi ya sa kusan kowane mataki yake samun izini. Za ka ga wasu suna kwafar 5500 suna liƙawa, alhali an zaɓe ta ne don wani faifan, ba lalle ta dace da naka ba. Ka karanta naka.

Ba sai an yi ta kashewa da kunnawa wajen gwaji ba. Rubuta lambar a /sys/class/nvme/nvme0/power/pm_qos_latency_tolerance_us, jadawalin zai canja nan take, ka sake dubawa da get-feature. In ta zauna lafiya, sai ka sa ta a madadin sifilin wancan saitin a /etc/default/grub ka yi update-grub (a Debian da Ubuntu). Tun da na yi haka daskarewar ta tafi, kuma faifan yana samun barcinsa mara zurfi.

Inda manhajar ta gaza shi ne sauƙin fahimta. Babu hoto, babu bayani, gajerun sunaye ne kamar yadda suke a kundin ƙa'idar NVMe, sabon shiga zai ga kamar an watsa masa tsakuwa a allo. Kuma ana gudanar da ita da ikon root, wato cikakken iko a kan kwamfutar, ga nvme format da nvme sanitize a gefe, masu share faifai kakaf. Kada ka kwafi umarnin da ba ka san aikinsa ba.

Masu tsohon SSD na SATA, wannan ba taku ba ce. Ku duba link_power_management_policy a ƙarƙashin /sys/class/scsi_host, inda min_power ya sha jawo rikici, shi ya sa aka kawo med_power_with_dipm a sigar 4.15. A kuma yi hattara da powertop --auto-tune, mai daidaita saitunan adana wuta, lokacin bincike, domin tana taɓa saituna da yawa a lokaci guda, ka rasa wanne ya jawo me.

Ina ba nvme-cli huɗu cikin biyar. Wanda ya gano faifansa yana da wannan hali, ya fara duba fwupd, manhajar sabunta firmware, ko akwai sabuwar manhajar cikin faifan. In babu, ya aika wa masu kula da NVMe a kanel sakamakon id-ctrl da hoton dmesg, domin da irin wannan rahoto ake saka faifai a jerin NVME_QUIRK_NO_DEEPEST_PS, kanel ya daina tura shi mataki mafi zurfi da kansa.