Ruwan toka da ruwan madara a bangon gidana

Kafin ƙaramar Sallah muka sayo fentin ruwa bokiti biyu masu lita 20 a kasuwar Ƙofar Ruwa da ke Kano, ruwan toka na falo, ruwan madara na uwar ɗaka. Ni na dage a kan ruwan tokar, don na daɗe ina ganinsa a hotunan gidajen amare yana burge ni.

A jikin katin da mai shago ya nuna mana, launin a buɗe yake, tas da shi. Da mai fenti ya yi hannu na farko na ga ya yi duhu, na ce, “Malam, anya shi ne kuwa?” Ya ce, “Hajiya, bari ya bushe, zai washe.” Ya bushe, aka ƙara hannu na biyu, sai ma duhun ya ƙaru. Falona taga ɗaya ce, ita ma katangar maƙwabta ta tare ta. Da la'asar sai na kunna fitila, in kuma aka ɗauke wuta ɗakin ya koma kamar sito. Ranar Sallah Umma ta shigo, ta dubi bango ta ce, “Ashe ba ku samu yin fentin ba, filasta kawai aka yi?” Wallahi sai da na ji ƙwalla ta cika min ido, don kuɗin adashena ne na wata huɗu.

Ruwan madarar kuwa, wanda maigida ya zaɓa ina ta gunaguni, shi ya fitar da ni kunya. Ɗakin ya ƙara faɗi a ido, ko fitilar caji aka ajiye sai hasken ya bazu ko'ina.

Amma fa ba ya rufa asiri. Wata biyu ba a yi ba shatin hannun yara ya fito a gefen ƙofa da wajen makunnin fitila. Na sa tsumma da ruwa, fentin ya biyo tsumman, wurin ya yi dabbare-dabbare. Ƙurar hunturu ma a kansa take fara nunawa. A nan kam ruwan toka ya fi shi, har yau ba tabo ko ɗaya a falon.

Duk da haka falon nan ba na son zama a cikinsa. Baƙi mata ma uwar ɗaka nake shigar da su. Bayan damina zan sa a mayar da shi ruwan madara, amma mai sheƙi wanda ake gogewa, kuma sai an shafa kaɗan a bango ya kwana na gani kafin in biya.