Sharhina kan sufuri a Siri Lanka: jirgin ƙasa, bas da keke

Jama'a tunda na dawo daga Siri Lanka tambayar da aka fi yi min a Samaru ita ce wai ta ina ake bi, kuma in an isa da me ake yawo. To bari in faɗi abin da na hau da abin da idona ya gani saboda masu niyyar zuwa taro ko karatu ko sarin ganyen shayi da kayan yaji. Farko dai kar ƙanƙantar ƙasar a taswira ta yaudare ku. Tsibiri ne a kudu da Indiya, faɗinsa murabba'in kilomita 65,610, ko jihar Neja bai kai ba, amma tafiya a cikinsa da awa ake lissafa ta ba da kilomita ba, musamman in ka nufi yankin tsaunuka inda hanya take murɗe-murɗe kuma siririya.

Babu jirgin da ke tashi daga Najeriya kai tsaye zuwa can. Ni daga Zariya mota na shiga zuwa Kaduna, na hau jirgin ƙasa a Rigasa zuwa Idu, sannan na tashi daga Abuja muka yada zango a Doha, wajen awa bakwai, daga nan kuma kusan awa biyar zuwa Kolombo. Akwai masu bi ta Dubai ko Istanbul. Ka tabbata bizarka ta fito tun kana gida, kuma katin rigakafin shawara ya zama yana cikin fasfo ba cikin akwati ba. Agogonsu yana gaban namu da awa huɗu da rabi, to in za ka kira gida ka riƙa lissafi kar ka tashi Hajiya da tsakar dare.

Filin jirginsu na Bandaranaike ba a cikin Kolombo yake ba, yana Katunayake ne, sama da kilomita 30 arewa da birnin. Kafin ka fita ka sayi layin waya na Dialog ko Mobitel da data a nan cikin filin, ka canza ɗan kuɗi zuwa rupi, sannan ka sauke manhajar PickMe, ita ce tasu ta gida, Uber ma yana aiki. Da ita na kira tasi, direban ya tambaye ni ko mu bi babbar hanyar da ake biyan kuɗi wadda aka buɗe a 2013, na ce eh, kuma gaskiya kuɗin ya biya don tsohuwar hanya cunkoso ne zalla. Wani abu kuma, su hannun hagu suke tuƙi irin yadda muke yi kafin 1972, saboda haka in za ka tsallaka titi dama za ka fara dubawa, dan Allah a kiyaye wannan don bas ɗinsu ba ya rage gudu saboda mai tafiya a ƙasa.

Cikin gari kuwa keke napep ne sarki, su tuk-tuk suke ce masa, kuma Bajaj ɗin nan ne dai da muka sani. Sai dai a can ba a lodi, ba a ɗaukar wani a hanya balle a zaunar da mutum gefen direba, shata ne kai kaɗai ko kai da iyalinka. A Kolombo da yawansu suna da mita. Wanda duk ka kira ta waya za ka ga kuɗin tun kafin ka hau, ba ciniki ba musu, kuma ya yi min araha sosai. Matsalar tana wajen waɗanda ke tsaye a bakin tasha da ƙofar otal. Akwai wanda ya ce min mitarsa ta lalace, muka yi tsada, muna cikin tafiya sai ga shi ya karkata ya tsaya ƙofar wani shagon duwatsun ado wai in shiga in duba minti biyar kawai, ashe kamasho ake ba su kan duk baƙon da suka kawo. Ban ji daɗi ba sam don ina sauri in riski la'asar ne. In ka ji an ce mita ta lalace ka matsa gaba, keke ba ya yankewa.

To yanzu jirgin ƙasa, wanda shi ne ya fi kwanta min a rai a duk tafiyar. Daga tashar Fort ta Kolombo zuwa Kandi kusan kilomita 120 ne, awa biyu da rabi zuwa uku. Turawan Ingila ne suka shimfiɗa layin, ya isa Kandi tun 1867 saboda kwasar kofi daga gonakin tsauni, da cuta ta cinye kofin aka koma shayi, aka ci gaba da jan layin har ya kai Badulla a 1924. Kuma lokacin da na je na tarar yana nan yana aiki, ma'aikata da 'yan makaranta da 'yan kasuwa duk shi suke hawa kullum. Ni ɗan Zariya ne da na tashi ina jin labarin yadda garinmu ya zama mahaɗar layukan dogo, wallahi sai da abin ya taɓa min zuciya.

Farkon tafiyar gonakin shinkafa ne da itatuwan kwakwa, sai ka wuce Rambukkana jirgi ya fara hawa, ka ji inji yana nishi, gefe ɗaya dutse gefe ɗaya kwari mai zurfi har Kadugannawa. Amma asalin kallo yana tsakanin Kandi da Ella, tafiyar awa shida zuwa bakwai cikin gonakin shayi, mata da buhu rataye a ka suna tsinkar ganye, hazo yana shigowa ta taga, ana shiga ramin dutse ana fita yara suna ihu. A ƙananan tashoshi na ga shugaban tasha cikin fararen kaya tsaf yana miƙa wa direba wani zobe babba mai jakar fata, a ciki akwai alamar ƙarfe, ita ce izinin shiga layin, saboda layi ɗaya ne kuma in ba ta hannunka ba za ka wuce ba. Tsohon tsari ne amma sun riƙe shi da gaske. Masu talla kuma suna bin tarago da kwando suna kiran wade wade, wani abu ne kamar ƙosanmu sai dai ya fi tauri da yaji, a naɗe maka shi a takardar tsohon littafin makaranta da soyayyen barkono a gefe, ga mai shayi da madara yana biye da shi. Ka tafi da rigar sanyi, don wajen Nanu Oya da Pattipola, wadda ita ce tasha mafi tsayi kusan mita 1,900, sanyin ba wasa ba ne.

Shawarata kan tikiti ita ce aji na biyu mai lambar kujera. Aji na ɗaya mai esi ne amma tagoginsa a rufe suke, ka biya kuɗi da yawa kana kallo ta gilashi. Wanda ba shi da lamba kuma araha ne ƙwarai sai dai za ka iya yin awa huɗu a tsaye da jakarka tsakanin ƙafafu. Ana buɗe sayar da masu lamba kwana 30 kafin tafiya kuma na hanyar Ella nan da nan suke ƙarewa, 'yan bumburutu su saye su dawo suna sayar wa baƙi da tsada, to ka saya da wuri ta intanet ko ka roƙi mai masaukinka. Jirgi yana iya makara, da damina kuma zaftarewar ƙasa tana rufe layin, ka tambaya ko yana tafiya kafin ka gina shirinka a kai. Banɗakin jirgin ba yabo ba fallasa, ka tafi da ruwanka a gora. Ƙofofi a buɗe ake tafiya, za ka ga baƙi suna lilo a waje don hoto, kar ka biye musu, ramukan dutsen nan matsattsu ne kuma an sha samun waɗanda suka ji mummunan rauni.

Bas kuwa ya kasu biyu, jajaye na gwamnati da masu kala-kala na 'yan kasuwa. Suna zuwa ko'ina, kuɗinsu kaɗan, ba ka daɗewa kana jira. Amma wanda na hau na 'yan kasuwa a hanyar tsauni ban sake marmarinsa ba, kiɗa kamar zai fasa kunne, direba yana obatekin a kwana yana danna hon, kwandasta yana ta cusa mutane, ni dai salati na riƙa yi har muka sauka. Dattijo ko mai juna biyu ko mai saurin amai ban ba shi shawara ba. In ka hau kuma ka bar kujerun gaba, na limaman Buda ne masu jan mayafi, ko mace tsohuwa tashi take ta ba su. Bas ɗin da na yaba shi ne mai esi da ke tashi daga Makumbura ya bi babbar hanyar kudu zuwa Galle, kowa da kujerarsa, awa ɗaya da rabi kun isa. Da dawowa sai na hau jirgin bakin teku, wani wajen ruwa yana dab da layin dogo, a nan ne aka nuna min Peraliya inda igiyar tsunami ta 26 ga Disamba 2004 ta kife jirgi da fasinjoji sama da dubu. Allah Ya kyauta ƙarshenmu.

Maganar sallah ba ta ba ni wahala ba, a doguwar tafiya kasaru na riƙa yi ina haɗawa, kuma daga tashar Fort da ƙafa za ka taka zuwa jan masallacin nan na Pettah, kewayensa duk gidajen abinci ne na Musulmi. In da iyali za ka je ko kayanka da yawa, ɗaukar shatar mota da direba ya fi, amma ku ajiye magana tun farko kan mai da kuɗin hanya da wurin kwanansa.

A kula da ranar Poya, duk wata in farin wata ya cika hutu ne a ƙasar, sai kuma tsakiyar Afrilu lokacin sabuwar shekararsu, tashoshi cika suke maƙil ba masaka tsinke. Ranar komawa gida kuma kar ka ce daga Ella ko Kandi za ka taso ka kama jirgin sama a ranar, ka sauko tun ana gobe ka kwana a Negombo, daga nan zuwa filin jirgi bai fi minti ashirin ba a keke.