Canon R7 da tsuntsaye, ba tare da sandar kyamara ba

Gaskiya in kana son gane ƙarfin kyamara to ka kai ta wajen tsuntsayen daji, su ba sa tsayawa jiran kowa. Canon EOS R7 ce na gwada, wadda ta fito 2022, megafiksel 32.5, na ɗaura mata lens ɗin RF 100-400mm kuma duk a hannu na riƙe.

Abin da ya fi burge ni yadda take kama idon tsuntsu da kanta, balbela na tafiya cikin ciyawa amma ɗan akwatin saiti da ke fitowa a allon kyamarar na manne a idonta, wallahi har zare-zaren gashin wuyanta sun fito tar. Na'urar hana rawar hannu ma tana aiki sosai, sai dai fa rawar hannunka take gyarawa ba motsin tsuntsu ba, don haka shirwa in tana shawagi sai na kai shata (saurin buɗewa da rufewar kyamara wajen ɗaukar hoto) 1/2000 na sakan kafin fukafukan su fito ras. Tana ɗaukar hoto 15 a sakan ɗaya, don haka katin ajiye hotuna na cika nan da nan.

Da yamma kam, tunda lens ɗin f/8 ne a 400mm, wato ƙofar shigar haskensa ƙarama ce, dole ka ɗaga ISO, ma'aunin da ke ƙara wa hoto haske. Nauyi ba laifi, kafaɗa ba ta gaji ba.